Sharar injin katako: wadda za ka sayar da wadda za ka killace

Na yi shekaru ina kula da wani injin katako a kudu, can wajen Ore a jihar Ondo, muna shiga daji da tarakta da injinan zarto mu fito da gumagumai, a tsaga, a loda wa tirela sai 'Yan Katako a Kano ko Dei-Dei a Abuja. A lokacin duk abin da ba katakon sayarwa ba sunansa shara a wajenmu, kuma magani ɗaya muka sani, a tara a bayan inji a cinna wuta.

Abin da ya canza min tunani wani bawan Allah ne mai kiwon kaji da yake sayen dusar katako a wajenmu yana shimfiɗa wa 'yan tsaki. Wata safiya sai ga shi da buhu a hannu, ya zazzage a gabana, 'yan tsaki ne matattu, ya ce "Malam dan Allah me kuka zuba a dusar nan?" Na ɗebi ragowar dusar da ya kawo na shinshina, warin baƙin mai da gas. Da na bincika ashe bakaniken mu ne ya juye wa tarakta mai a ƙasa, yara suka kwaso dusa suka rufe wajen don kar a zame, da yamma kuma mai shara ya share ya mayar da ita kan tsibin da muke sayarwa. Babu wanda ya yi da mugunta, amma mun jawo wa mutum asara kuma sai da muka biya. Daga ranar na kafa doka ɗaya wadda duk jagorar nan a kanta take tsaye: abin da ya fito daga itace da abin da ya fito daga inji kada su taɓa haɗuwa. Na itace kaya ne, akwai mai saye ko kuma ƙasa na buƙatarsa. Na inji guba ne, killace shi ake yi.

Mataki na farko, ka san nawa kake zubarwa

Ka ɗauki sati ɗaya kawai da littafi da biro. Duk gungumen da ya shigo a auna tsawo da kauri a rubuta, duk katakon da ya fita a rubuta, sannan a ƙirga baro nawa na dusa aka kwashe, tsibi nawa na ɓarin gefe, lita nawa na baƙin mai aka juye, filta nawa aka canza. A yawancin ƙananan injinan ƙasar nan kusan rabin gungume ne kawai yake zama katako, ɗaya rabin yana tafiya a ɓawo da ɓarin gefe da guntaye da dusa. Kuma ka tuna wannan rabin ka biya kuɗin hatiminsa a wajen ma'aikatan gandun daji, ka sha gas ka jawo shi, ka biya lebura. In ka ga lissafin da idonka a takarda ba sai wani ya yi maka wa'azi ba.

Mataki na biyu, rage ta tun daga bakin zarto

Nan ne kuɗin yake amma mutane sun fi son su tsallake. Mai sara in ba a sa masa ido ba zai yanke bishiya a daidai ƙugunsa saboda ba ya son sunkuyawa, ya bar maka kututture mai tsawo a daji, alhali gindin nan shi ne wajen da ya fi kauri da tsada. A yanka ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi daga ƙasa, sai dai in bishiyar mai faffaɗan gindi ce irin su afara da dole a hau sama kaɗan. A kuma yi mata baki ta ɓangaren da ake so ta faɗi, don bishiyar da ta faɗi kan dutse ko kan wata bishiyar tsagewa take yi daga ciki, ba za ka gani ba sai an ɗora ta a inji.

Sai maganar tsagawa. Sarƙar injin zarto na hannu irin su Stihl 070 da aka fi amfani da su tana cin kusan milimita 8 ko fiye a kowane yanka, shi kuwa zarton bel na injin CD, wato babban injin tsaga gungume da ke girke a gida, bai fi milimita 2 zuwa 3 ba. Kaga in ka tsaga gungume da injin hannu a daji ka fitar da katako goma, to ka mayar da katako ɗaya ko biyu gari kenan. Shi ya sa in da hanya gara a jawo gungumen gida. Zarto kuma a riƙa wasa shi a kan lokaci, zarto mara kaifi yawo yake a cikin itace, katakon ya fito wani waje kauri wani waje siriri, kafinta ya ƙi saye ko ya karya farashi. Kuma kar a jibge gumagumai su yi watanni a fili, musamman masu laushi irin malaina da obeche, rana ta tsaga bakinsu, damina ta sa su yi shuɗi-shuɗi, ƙwari su huda. Wanda ya fara shigowa shi zai fara hawa inji, wanda zai jima a shafa masa fenti a baki biyu.

Mataki na uku, abin da ya rage a daji

Ba duka ake kwasowa ba. Ganye da ƙirare da ɓawo nan ne abincin ƙasa ya fi taruwa, a bar su su ruɓe a inda bishiyar ta faɗi. Abin da na fi so ma a shimfiɗa rassan a kan hanyar da tarakta ke bi tana jan gungume, tayoyi su riƙa takawa a kansu, ƙasa ba za ta danne ta zama kamar siminti ba kuma ba za a yi kwazazzabo ba in ruwa ya sauka. Manyan rassa masu kaurin cinya kuwa kuɗi ne, masu gidan burodi da masu itacen girki da masu gawayi duk suna so, amma ka duba takardar izininka ta ƙunshi fitar da su, kar a tare maka mota a shingen ma'aikatan daji.

Abu biyu ne ban yarda da su ba. Kar a tura rassa cikin rafi, suna toshe ruwa su ruɓe a ciki, mutanen ƙauyen da ke ƙasa su ne masu sha. Kar kuma a cinna wa tarin rassa wuta da rani, wutar daji in ta tashi ba ta tambayar iyakar filin wa. In an gama aiki a waje, a sa katafila ko ma mutane da shebur su yi 'yan kunyoyi a gicciye a kan hanyar tarakta inda take gangara don ruwa ya karkata cikin ciyawa. Ledar fiya wata, gwangwanin sadin, jarkar mai, tsohuwar sarƙa, duk a buhu su dawo tare da ma'aikata. Motar da ta kai kayan nan daji a cike za ta iya dawo da su bayan an gama amfani da su.

Mataki na huɗu, mai, kuma nan zan daɗe

Injin daji mai yake sha ta ko'ina, gas, fetur, man inji, man giya, man haidurolik, giris. Abu na farko ka ware waje ɗaya tak na gyara da juye mai, a zuba masa siminti a yi masa ɗan dakali a kewaye kamar tsayin bulo ɗaya a kwance, a yi masa rufin kwano. Tankin gas da duro-duron mai su zauna a ciki, kuma dakalin ya zama zai iya riƙe duk abin da ke cikin babban tankin da ɗan ƙari in ya fashe, ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa ita ce kashi 110 cikin 100 na tankin. Wajen ya yi nesa da rijiya da rafi da tsibin dusa.

A daji babu siminti, to sai a tafi da rabin duro da aka yanka a tsaye da tamfol mai kauri. Za a juye mai, a shimfiɗa tamfol, a tura rabin duron ƙarƙashin inji, a kwance, in ya gama tsiyaya a juye da mazurari cikin jarka mai murfi. Ba a shan mai ko gyara a bakin ruwa, a ja baya aƙalla mita 30, kuma ba a wanke tarakta a cikin rafi duk da na san direbobi suna son hakan sosai.

Duron baƙin mai a rubuta masa suna da fenti, kar a zuba masa fetur ko ruwan lagireto ko ragowar maganin gara, don da zarar an gauraya masu sake tacewa ba za su karɓa ba. In ya cika ka nemi masu saye da ke da rajista, ka tambayi hukumar muhalli ta jiharku ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, su nuna maka su, kuma ka karɓi rasit. Masu zuwa da jarka a babur suna cewa a sayar musu, ka tambaye su me za su yi da shi, wasu a kan hanya suke zubawa don kashe ƙura wasu kuma su gauraya su sayar a matsayin sabo.

Tiyon haidurolik shi ne mai ba da mamaki, yana fashewa ne ana tsakiyar aiki ya feso mai a ƙasa cikin daƙiƙa kaɗan. Kowace safiya direba ya zagaya ya duba tiyo, wanda ya fara gumi ko ya kumbura a canza shi kafin ya fashe. Kada ya shafa da hannu yana neman inda ke yoyo inji na kunne, man nan da ƙarfinsa yana huda fata ya shiga nama, a kara kwali a gani. In kuma an yi ɓari, a kashe inji, a tare man da ƙasa kar ya gangara, a zuba dusa ta tsotse, a kwashe dusar har da ƙasar da ta jiƙe da shebur a zuba a duro na daban. Mu jan fenti muka shafa wa namu duron da baron da shebur ɗinsa, kowa ya san abin da ya shiga jan duro ba ya komawa tsibi.

Akwai kuma wanda kusan kowa ke yi, zuba baƙin mai a tankin sarƙar injin zarto. Ka gane cewa man sarƙa ba ya dawowa, duk digon da ka zuba fesuwa yake a daji, a kan itace, a kan wandon mai sara da fuskarsa, kuma baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji na fata in ana yawan taɓawa. Ga shi yana cinye famfon mai da sandar zarton da wuri. Man sarƙa na ainihi ya fi, wanda aka yi daga man tsirrai ya fi duka, in kuma tsada ta hana to ko sabon man inji mai arha ya fi baƙi. Na san masu sara za su yi gardama a kan wannan, mu ma sai da muka fara saya musu da kuɗin kamfani kafin suka daina.

Mataki na biyar, filta da batir da taya

Filtar mai a huda ta a kife a kan duro ta kwana tana tsiyaya, sannan ta tafi wajen 'yan gwangwan tare da tsofaffin sarƙoƙi da zarto da waya. Taya kar a ƙona, kar kuma a bar ta a fili ta tara ruwa sauro ya haihu, a jera a ƙarƙashin rufi masu takalma da masu guga su ɗauka. Batir kuwa a ajiye shi a tsaye a kan katako a inuwa, kar a zubar da ruwansa, kar a bari yara su fasa shi don ciro dalma, a mayar wa dila in za a sayi sabo. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zai bar fasasshen batir kusa da inda ake dafa wa ma'aikata abinci ba.

Mataki na shida, dusa da ɓarin gefe

Wanda ya taɓa bin gadar Third Mainland a Legas a shekarun baya ya ga hayaƙin Okobaba, unguwar masu injin katako, yana tashi daga bakin ruwa dare da rana, dusar katako ce ake ƙonawa wata kuma ana turawa cikin ruwa, ga gobara a kai a kai, har gwamnatin jihar ta gina musu sabon waje a Agbowa. A Kumasi ta ƙasar Gana ma haka aka kwashe masu katako daga Anloga zuwa Sokoban. In ka bar sharar ka ta dami gari, wata rana kai za a tasa.

To ka raba ta gida uku tun daga bakin inji. Ɓarin gefe da guntaye waje ɗaya, sassaƙen injin goge katako waje ɗaya, dusa mai laushi waje ɗaya. Dalili shi ne masu sayensu daban ne. Ɓarin gefe masu kyau a sake bi da su ta ƙaramin zarto a fitar da sandunan tsintsiya, ƙotar shebur, katakon akwatin tumatir, falet na ɗora kaya, firam, sauran kuma itacen wuta. Sassaƙe shi masu kaji suka fi so don yana tsotse danshi kuma 'yan tsaki ba sa cinsa kamar yadda suke cin dusa mai laushi, sai dai ka ba su busasshe, na farin itace, wanda magani bai taɓa ba. Dusar mansoniya da ta loko ni ba na ba masu dabbobi, ko mutum ma tana sa shi atishawa da ƙaiƙayi, ta mansoniya har haɓo tana sawa.

Dusa mai laushi kuma ga masu murhu. Manya za su tuna murhun da aka riƙa kira Abacha lokacin wahalar kananzir a shekarun 1990, gwangwani ne a sa kwalba ko sanda a tsakiya a danna dusa a kewaye a zare, a kunna ta ƙasa, ya ci awanni yana ci. Har yanzu masu abincin sayarwa suna amfani da shi. In kana son ƙarin riba sai curin gawayi: a busar da dusa sosai, a babbake ta a duro mai 'yan huji da murfi har ta yi baƙi ba tare da ta zama toka ba, a dama kokon rogo mai kauri, a zuba kamar kashi 1 na garin rogon a kashi 10 na gawayin, a cakuɗa, a danna a bututu ko injin matsi, a shanya kwana uku zuwa biyar. In ka jefar da ɗaya daga tsayin ƙugu bai farfashe ba to ya yi. Ka fara da kaɗan ka ba mai shayi da mai tsire su gwada kafin ka sayi babban inji, na ga waɗanda suka sayi inji tukuna sannan suka fara neman kasuwa.

Manoma ma suna ɗauka, amma ka gaya musu gaskiya, ɗanyar dusa in aka binne ta a gona masara rawaya take yi, saboda wajen ruɓewa tana janye sinadarin da shuka ke buƙata. Sai an cakuɗa ta da kashin kaji ko na shanu, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk sati biyu har wata uku ko fiye, ta yi baƙi ta daina zafi. Hanya mafi sauƙi, ka ba mai kaji, in ya kwashe bayan wata biyu ta riga ta haɗu da kashi, manomi ya saya a wajensa.

Ajiya kuma a yi rumfa. Babban tsibin dusa mai danshi yana ɗaukar zafi daga ciki har ya kama wuta da kansa ba wanda ya kunna, in ka tura ƙarfe ciki ka zaro ka ji ba ya taɓuwa to a baje tsibin nan take. Kar ya wuce tsayin mutum sosai, kar ya matsa kusa da janareta ko wayar wuta ko inda ake walda. Ƙurar da ke kwanciya a kan moto da rufi da allon wuta ita ma a share ta kullum, kuma da tsintsiya, ba a hura ta da iska ba. A 2012 injinan katako biyu sun yi bindiga a yankin British Columbia na Kanada wata uku tsakani, mutum huɗu suka mutu, kuma busasshiyar ƙurar katako ce ta kama. Mu da muke da hunturu ba mu fi ƙarfin haka ba. Masu kwasar dusa a ba su takunkumi na gaske mai tace ƙura, ba hankici ba, hukumar binciken ciwon daji ta duniya tun 1995 ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanci.

Mataki na bakwai, katakon da aka sa wa magani

Wannan duk da itace ne, a layin guba yake. Guntayen da aka shafa wa maganin gara, da na turakun lantarki masu launin kore-kore ko masu baƙin kwalta, ba a girki da su, ba a ba mai burodi ko mai ƙyafe kifi, ba a shimfiɗa wa kaji. Masu koren nan sau da yawa akwai arsenik a maganinsu, yana fita a hayaƙi ya kuma zauna a toka. In za a sa wa katako magani, a tsoma shi a kwami mai siminti, a bar shi ya ɗiga a kan kwano mai gangara da ke mayar da maganin cikin kwamin. Jarkar magani in ta ƙare a ɗauraye sau uku ana juye ruwan a kwamin, sannan a huda ta, don in ba a huda ba gobe za ka gan ta a hannun wani yaro ya je ɗiban ruwa.

Mataki na takwas, wa zai riƙe aikin

In ka ce aikin kowa ne to ba wanda zai yi. Ka ɗora wa mutum ɗaya, ka ba shi littafi da makullin rumfar mai, ya riƙa rubuta lita nawa na sabon mai ya fita, nawa na baƙi ya dawo, buhu nawa na dusa aka sayar kuma wa ya saya. In an ba da lita 20 an dawo da 5 ka tambayi inda sauran suka tsaya, ko dai injin na shan mai ko an zubar a daji. Kuɗin dusa da ɓarin gefe kuma ka ware wa yaran da ke sharewa wani kaso a ƙarshen wata, mu da muka fara haka su da kansu suke hana bakanike matsowa kusa da tsibi da jarkarsa.

Sabon ma'aikaci ranar farko a zagaya da shi a nuna masa jan duro da rumfar dusa kafin a nuna masa inji. Duk ranar Asabar da an tashi ka zagaya da kanka, ka leƙa ƙarƙashin tarakta ka ga ko akwai sabon tabo a ƙasa, ka bi magudanar ruwa har inda ta fita daga filinka ka duba ko ruwan na ƙyalli, sannan ka je tsibin da za a loda wa masu kaji ranar Litinin ka tura hannu ciki sosai ka ɗebo ka shinshina.